Kada Ki Ƙara Aiko Min Da Gishiri

Lafiya,
14 ga Maris, 1988

Zuwa ga taubashina Ashafa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Batulu da yara. Ni dai ga ni a Lafiya, lafiyar kuwa kadaran-kadahan. Gwiwa na ciwo, kai na sara min in rana ta take, amma wa zan kai wa ƙara? Tsufa ne.

Bayan haka, ga gishirinka na bana. Na ba Iorkyaa direban motar doya, ya ce zai sauke maka har ƙofar gida kamar bara. Dunƙule biyu ne, kuma da ƙafata na je Keana, garin gishiri, na tsaya a kan matan da ke dafa shi har suka sauke tukunya. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina aiko maka, kai kuwa kana aiki a masaƙa amma ko ƙyallen ɗaure kai ban taɓa gani ba. Ba komai, rowarka ba yau ta fara ba.

Bari in ba ka labarin abin da ke ci min rai. Limamin unguwarmu da Fasto Iorliam na cocin bayan tasha sun haɗa kai da wata nas mai suna Francisca. Wai hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a gari, mutane kuma ba sa zuwa asibiti sai an ɗauke su ranga-ranga, don haka gara asibitin ya bi su inda suke taruwa. Ran Juma'a in an idar da salla, sai a ajiye benci a gindin mangwaro, maza su yi layi suna naɗe hannun riga. Ita kuma ta ɗaura wa mutum wani baƙin ƙyalle a damtse, ta yi ta matsa 'yar roba fus-fus, ta sa abu a kunne tana saurare kamar mai jin gulma. Ran Lahadi a ɗauki bencin a kai coci. Benci ɗaya, Juma'a Musulmi, Lahadi Kirista. Mu mata an ce mu je gidan Liman ran Alhamis.

Duk wannan ina ruwana? Sai ranar da Liman ya hau wa'azi, lasifika kuwa har kasuwa take kaiwa. Ya ce rigakafi ya fi magani, jiki amana ne, a rage mai, a rage zaƙi, a rage gishiri. Gishirin nan sau uku ya maimaita shi, Ashafa, na ƙirga. Ƙawata Member, 'yar Tibi mai manja, tana zaune kusa da ni, ita ma an ambaci hajarta, amma duk layin ni mai sayar da gishiri aka juyo ana kallo. Yanzu matan kasuwa Rekiya Hawan Jini suke ce min. Ina dariya tare da su, amma abin yana min ciwo.

Ban je gidan Liman ba, kuma ba zan je ba. Tsohuwar da ta haifi mahaifiyarka da babana, wadda aka auro daga Keana, da gishiri ta yi wasan ƙasa, ta kuma haura tamanin tana tafiya da ƙafarta.

Gida dai shiru. Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana Nababa, 'yata Huseina kuwa tana can Ibadan da mijinta, sai shekara-shekara. Nakan gama miya in ɗanɗana, in waiga in tambaya ko gishiri ya ji, sai in tuna ba wanda zan tambaya. Ka rubuto da wuri, ka cika takardar, don wasiƙarka nakan yi mako ina karantawa.

Taka,
Rekiya

Kaduna,
2 ga Mayu, 1988

Rekiya,

Gaisuwa. Ya azumi? Muna nan. Saƙo ya iso, na gode.

Daga yau kada ki ƙara aiko min da gishiri. Ki je wurin mutanen nan su duba ki. Ba zan iya dogon rubutu ba.

Ashafa

Lafiya,
23 ga Mayu, 1988

Malam Ashafa,

Barka da salla. Ina fata an yi lafiya. Ni ƙalau nake, tun da ba ka tambaya ba.

Na ga 'yar takardarka. Na juya bayanta ko akwai ci gaba, na leƙa ambulan ko wata ta maƙale. Mako bakwai ina jira, layi uku na samu. Rubutun ma kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai, da gani a tsaye ka yi shi kana sauri. Ba za ka iya dogon rubutu ba? To Allah ya ƙara aiki.

Amma maganar gishiri ba zan haɗiye ta ba. Ka san abin da ka faɗa kuwa? Tun da aka kai mahaifiyarka aure Kaduna, babana bai taɓa barin shekara ta juya ba tare da ya aika mata dunƙule ba. Da ya rasu na ɗauka, da ita ma ta rasu na ci gaba da aiko maka. Ba don babu gishiri a Kaduna ba ne. Don a san ana raye ne, kuma ba a manta ba. A gidanmu ba a mai da gishiri. Sau ɗaya aka taɓa yi, lokacin da Baba Ya'akubu ya yi rigima da ƙanensa a kan gonar Kwandere, ya sa aka mayar masa da dunƙulensa. Har ƙasa ta rufe idonsu ba su ƙara gaisawa ba.

Me na yi maka? In wasan rowa da na yi ne ya ɓata maka rai, yaushe taubashi ya fara fushi da wasa? Ko kuwa ka zama ɗan birni, sai farin gishirin kanti na cikin leda, namu mai ƙamshin hayaƙi ya zama abin kunya? Na ba ka labarin yadda ake min dariya a kasuwa don ka taya ni jin haushi, sai ga shi ka koma bayan Liman kana ce min in je a duba ni. Ko kai ma Rekiya Hawan Jini za ka fara kira na?

Na ji zafi, Ashafa, ba zan ɓoye maka ba. A dangin babana kai kaɗai ka rage da ke kiran sunana a takarda. Ran salla na sa sabon zane na zauna a ƙofar ɗaki har la'asar, sannan na tuɓe na ninke.

Ka gai da Batulu, ita ba ruwanta.

Rekiya

Lafiya,
11 ga Oktoba, 1988

Ashafa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni ciwon kan nan ya matsa min, wani lokaci in na sunkuya auna gishiri sai in ga kasuwa tana juyawa. Ina shan jiƙo.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Babbar salla ta zo ta wuce, damina ta kusa ɗaukewa, ban ji ɗuriyarka ba. Iorkyaa ya koma jigilar Makurɗi, balle in tambaye shi. Ka san ta akwatin gidan waya na Torkula tela wasiƙuna ke zuwa. Duk Talata sai na bi ta shagonsa kamar hanyata ce. Yanzu tun daga nesa yake girgiza min kai, ko ƙafarsa ba ya ɗagawa daga keken ɗinki. Gara haka, yana rage min tafiya.

Member ta faɗi. A watan Agusta ne, muna cikin hira tana zuba manja a kwalba, sai na ga manjan yana zuba a ƙasa ita kuma tana kallonsa. Na ce, "Member, kina ɓarna." Ta juyo, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Yanzu tana kwance a Assakio wurin ɗanta, ɓarin jiki ya shanye. Shekara goma sha biyar muna zama kafaɗa da kafaɗa, ta ci kazar sallata, na ci shinkafar Kirsimetinta. Wurin zamanta har yau babu kowa, sai tabon manja a ƙasa.

Bayan mako biyu sai ga nas ɗin nan, Francisca, ta zo har gaban tirena. Na ɗaure fuska. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, ni ba na faɗa da gishiri naka. Gishiri ba shi da laifi, hannu ne yana da laifi." Ta tsinci murfin kwalbar lemo a ƙasa, ta goge, ta cika shi daga tirena, ta ce, "Ka gani? Wannan ya isa mutum ɗaya, safe har dare. Amma mutanenmu suna zuba kamar siminti." Wai Liman ya yi wa'azi, Fasto ya yi, mata sun ce to, sun koma gida sun ci gaba da yadda suka saba, don suna cewa me namiji ya sani a tukunya? Ta ce, "Amma in mai gishiri da kansa ya ce a rage, za su ji. Abeg, don Allah, Mama, zo ran Alhamis."

Na ce mata in tsaya gaban mata in kushe sana'ar da na gada? Na ce ta je ta nemi wata. Ta ce ba wahala, ta tafi, ta bar murfin a kan tire. Ban yar ba, ban kuma san dalili ba.

Ban rubuto don in ƙara faɗa ba, fushin ya huce tun tuni, abin da ya rage ya fi fushi nauyi. In laifi na yi, ka faɗa in ba ka haƙuri. In kuwa yanke ni ka yi, ka rubuto ko layi ɗaya ne, in daina bi ta shagon Torkula.

Rekiya

Kaduna,
6 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga taubashiyata Rekiya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Batulu ce ke rubutu, ni ina faɗa. In kin ga kuskure nata ne, in kin ga zagi nawa ne. Yara lafiya, Batulu lafiya sai gajiya. Ni ne dai ba lafiya ba, kuma tun watan Fabrairu.

Abin da ya sami Member shi ya same ni. Ina alwalar azahar a wurin aiki, buta ta suɓuce, na miƙa hannu in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Mako biyar na yi a asibiti, ina can gishirinki ya iso. Baki ya dawo daidai, ƙafa tana ja da sanda, amma hannun dama sai dai in ɗauke shi da na hagu in ajiye a cinya. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cina ban sani ba. Ya hana ni gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Takardar da kika ce kaza ta taka, da hagu na rubuta ta. Daga hantsi har la'asar, na ɓata uku kafin ta huɗu ta karantu. Da na ce ba zan iya dogon rubutu ba, iyakar gaskiyata ke nan. Maganar Baba Ya'akubu kuwa wallahi ko kusa ba ta zo min ba. Ni nufina kada ki yi ta wahalar zuwa Keana saboda abin da ba zan iya ci ba. Sai da wasiƙarki ta Mayu ta zo na gane ɓarnar da na yi.

Za ki ce me ya hana ni faɗa tun farko. Girman kai ne, Rekiya. Ban so ki ji cewa mutumin da kuka saba musayar baki, yanzu ko maɓallin riga sai an sa masa. Na yi ta cewa bari hannun ya dawo in rubuta da kaina. Bai dawo ba. Da ta Oktoba ta zo, Batulu ta karanta ta ce ko in faɗa ta rubuta, ko ta rubuta abin da ta ga dama. Kin san halinta.

Kina cewa gidanki shiru. Nawa cike yake da mutane, amma da safe kowa ya watse, a fito da ni ƙofar gida a kan kujera in yi ta kallon masu wucewa. Abokan aiki sun yi zirga-zirga wata na farko, wata na biyu suka ragu, yanzu sai dai a aiko da gaisuwa. Ban ga laifinsu ba. Abinci lami, hira babu. Wasiƙarki ta zagi na fi karantawa, don ita kaɗai ce take min magana kamar lafiyata ƙalau. Dunƙulen biyu suna nan a kan taga, na hana a taɓa.

Yanzu ki saurara. Likita ya tambaye ni ko a dangi akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka. Na ce mahaifiyata. Sai na tuna babanki, da aka ɗauko daga hanyar gona aka ce iska ce ta buge shi. Ki tuna yadda bakinsa ya koma. Likitan ya ce abin yakan bi jini. Ashe ba gishiri kaɗai muka gada ba. Ga shi kina ce min kai na sarawa, kasuwa na juyawa, kina shan jiƙo. Tsoro nake ji, Rekiya. Ni da na faɗi akwai wanda ya ɗauke ni. Ke in kin faɗi a ɗaki, wa zai sani?

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na san ba ki da gemu, duk da dai rabona da ganinki shekara goma sha ɗaya, ban sani ba ko ya fito. Ki je ran Alhamis. Ban yanke ki ba, da me zan yanke ki, da wannan hannun?

Naki,
Ashafa

Lafiya,
5 ga Disamba, 1988

Taubashina Ashafa,

Gaisuwa da jaje. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Batulu, na san ke za ki fara buɗewa, Allah ya saka miki, ya biya ki wahalarki.

Ran Talata tun daga bakin titi na hango Torkula a tsaye yana ɗaga ambulan. A shagonsa na karanta, a zaune kan ɗaurin yadi. Da na kai wurin hannun hagu sai na rufe fuska da mayafi. Wata shida ina jinyar fushina, kai kana can kana jinyar jiki, har na ce maka kaza. Gishiri ke yi wa man kaɗanya dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Na ji kunya, ka yafe min. Amma kai ma Allah ya shirye ka, mutum ya faɗi tun Fabrairu sai Nuwamba za a ji?

Na je gidan Liman. Da na shiga tsakar gidan, wata ta ce, "Yau ga Hawan Jini da kanta." Francisca ba ta nuna ta ji ba. Ta ce, "Mama, sannu da zuwa. Zauna, kawo hannu." Ta auna, ta ce in huta, ta sake aunawa. Ta ce ɗari da tamanin a kan ɗari da goma. Ban san me ake ƙirgawa ba, amma na ga fuskarta. Ta rubuta min kati, washegari ta raka ni asibiti da kanta. Yanzu ina shan ƙwaya kullum da safe, kan ya fara sauƙi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Lokacin da take auna ni, ta tallafe gwiwar hannuna da tafinta, ta ce in saki jiki. Tafin da ɗumi. Sai na fara lissafi, yaushe rabon da wani ya riƙe min hannu? A kasuwa ana miƙo min, ina miƙawa, amma riƙewa, tun ranar da mata suka zo gaisuwar Nababa. Hawaye suka zubo min. Matan suka ɗauka tsoron ƙyallen nake ji, suna ta cewa ba zafi, ba zafi. Na bar su a haka.

Alhamis da ta biyo na tsaya gabansu da murfin kwalbar nan. Na ce ni ce mai gishiri, ba wadda ta fi ni son a saya, amma ga abin da ya isa. Na ba su labarin Member, na ba su naka, ban faɗi suna ba. Matar Liman ta ce in miya ta yi lami, wurina za ta turo Malam. Jiya Lahadi kuma na je coci, na zauna a kan bencin nan, ina faɗa Fasto Iorliam yana juyawa da yaren Tibi. Har yanzu ina sayar da gishirina. Sai dai duk wadda ta saya, sai ta sha wa'azi kyauta.

To, zan zo. Jirgin ƙasa zan hau ran Asabar ta sama in Allah ya kai mu, ka sa a tarye ni a tasha. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun bar ta a bayan motar doya shekara da shekaru.

Kwana uku ina tunanin tsarabar da zan riƙo. Gishiri an hana, manja an ce a rage, doya ba zan iya ɗauka ba. Tun da nake ban taɓa shiga gidan ɗan'uwa hannu rabbana ba, wannan ne na farko, kuma na san zan tsaya a ƙofarka in rasa yadda zan yi da hannuwana. In ka ga haka kada ka yi min dariya. Ka miƙo na hagun ka riƙe min ɗaya.

Taka,
Rekiya